Yanar ido da tambayar da alƙaluma suka bari: Yadda ake binciken jin ta bakin jama'a a Mando

Tsakanin shekarar 2005 da 2007 aka gudanar da binciken makanta mafi girma da aka taɓa yi a Najeriya, kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, wadda jama'a suka fi sani da Asibitin Ido, tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. An duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama a duk shiyyoyin ƙasar nan. Sakamakon ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13, kuma yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 cikin 100 na makantar. Yanar ido kuwa cuta ce da tiyata ta ɗan lokaci ke kawar da ita.

Akwai wani adadi a cikin binciken da ya fi sauran ɗaure kai. A cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 cikin 100 ba likita ne ya yi musu ba. Masu aikin gargajiya ne, waɗanda ke sa wani tsinken ƙarfe su tura yanar zuwa can cikin ido maimakon a ciro ta a sa wata ƙwayar roba a gurbinta. Mafi yawan idanun da aka yi wa haka ba su ƙara gani yadda ya kamata ba, kuma al'adar ta fi yawa a Arewa.

Iyakar abin da ƙidaya za ta iya faɗa ke nan. Ta gaya mana nawa ne, da inda suke. Amma me zai sa dattijo a wani ƙauyen Igabi ko Birnin Gwari, wanda mota ɗaya za ta sauke shi a Mando, ya miƙa idonsa ga mai tsinke? Wannan tambaya ba ta amsuwa da takardar cike gurbi mai "eh" da "a'a". Sai an zauna da mutumin, da ɗansa da ke jan sandarsa, da matarsa, har da shi mai tsinken. Irin wannan aikin ne wasu malaman sashen Hausa a jami'o'inmu ke kira bincike bi-bayani, wato binciken da ke bin maganar mutane da ayyukansu don gane ma'anar da suke ba abin da ke faruwa da su.

Matsalar ita ce sunan wannan hanya ya ɓaci a wurinmu. Ɗalibai da yawa suna zaɓen ta ne don gudun lissafi. Sai mutum ya yi hira da abokansa biyar, ya tsinto jimlolin da suka yi masa daɗi, ya jera su a babi na huɗu, ya ce ya yi bincike. Wasu malaman kuma, ganin haka, sai suka raina hanyar gaba ɗaya, suka ɗauka duk aikin da babu jadawali da kashi-kashi a cikinsa hira ce kawai ta bakin titi. Duk ɓangarorin biyu sun yi kuskure. Bi-bayani na gaske ya fi rarraba takardun tambaya cin lokaci da wahala, don babu wata na'ura da za ka ɓuya a bayanta. Kai ne ma'aunin, kuma dole ka nuna wa mai karatu cewa ma'aunin ba shi da algus.

Tambayar ce ke zaɓen hanya. Wanda ke son sanin mutum nawa ne suka zo asibiti bana, ya je ya duba rajista. Wanda ke son sanin yadda iyali ke yanke shawarar kai tsoho asibiti, hira mai zurfi da mutum ɗaya-ɗaya ta fi masa, domin maganar kuɗi da saɓanin 'ya'ya ba a yin ta a bainar jama'a. Tara mutum shida ko takwas su tattauna yana da amfani idan ana neman abin da gari ya yarda da shi, kamar jita-jitar da ke yawo game da tiyata, amma a sani cewa in aka haɗa mai unguwa da talakawansa, ko uwar miji da surukarta, murya ɗaya za a ji. Akwai kuma zama a yi kallo: a wuni a layin karɓar kati, a ga wa ke fassara wa wa, minti nawa likita ke yi da mara lafiya, da wace fuska mutum ke fitowa. Abin da mutane ke cewa suna yi daban, abin da suke yi daban, kuma gani ya kori ji.

Waɗanda ba sa cikin layi

Kuskuren da ya fi sauƙin faɗawa a Mando shi ne mai bincike ya shiga harabar asibiti, ya yi hira da mutum 30, ya fito ya rubuta dalilan da ke hana mutane zuwa asibiti. Ai duk wanda ka samu a layi ya riga ya zo. Ya samu kuɗin mota, ya samu ɗan rakiya, ya shawo kan tsoronsa. Wanda tambayar ta shafa yana can gida a zaune a zaure. Don haka zaɓen waɗanda za a yi hira da su ba a yin sa bisa wanda ya fi sauƙin samu. Ana zaɓe ne da gangan: wanda aka yi wa tiyata ya warke, wanda aka yi wa bai ji daɗi ba, wanda aka ba ranar dawowa bai dawo ba, wanda ya je wa mai tsinke, da wanda bai je ko'ina ba. Samun na ƙarshen nan sai an bi ta hannun limamai, masu kyamis, direbobin tashar Mando da ke ɗauko mutane daga hanyar Birnin Gwari, da sarakunan makafi.

Sai batun mata, wanda tarihin bincike a ƙasar Hausa ya daɗe da koya mana darasi a kansa. Lokacin da M. G. Smith ke nazarin tattalin arziki da sarautar Zazzau a ƙarshen shekarun 1940, kulle ya hana shi shiga cikin gidaje. Matarsa, Mary Smith, ita ce ta shiga. Ta zauna da wata dattijuwa mai suna Baba a Giwa da Zariya tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa kamar yadda take faɗa. Littafin Baba of Karo da ya fito a 1954 har yau ana dogaro da shi wajen sanin yadda aure, saki, ƙawance, bauta da zuwan Turawa suka kasance a idon macen karkara. Mutum ɗaya ce tak aka yi hira da ita, amma an yi makonni ana yi, cikin harshenta, kuma mijin marubuciyar yana gwada abin da ta faɗa da abin da ya tattaro a waje.

Polly Hill ma ta ga irin wannan a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960. Mai ƙidaya da zai tsaya a ƙofar gida ya tambayi maigida sana'ar matarsa, amsar da zai samu ita ce ba ta yin komai. Ita kuwa da ta zauna a garin sai ta tarar da kasuwa sukutum a cikin gidaje: hatsi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da abinci, mata na saye da sayarwa ta hannun yara masu talla. Ta kira abin ɓoyayyen ciniki. Darasin ga mai binciken ido a fili yake. Idan tawagarka maza ce zalla, tsohuwar da yana ta rufe wa ido shekara biyar, wadda ba ta son ta ɗora wa 'ya'yanta nauyi, ba za ta taɓa shiga rahotonka ba.

To mutum nawa suka isa? Ƙa'idar ita ce a ci gaba da hira har sai sabon mutum ya daina kawo sabon abu. A 2006 Greg Guest da abokan aikinsa sun gwada wannan da hirarraki 60 da aka yi da mata a Najeriya da Ghana, suka ga cewa kusan duk manyan batutuwan sun bayyana a cikin 12 na farko. Tun daga nan adadin 12 ya zama kamar laya a kundayen ɗalibai. Abin da ake mantawa shi ne matan nan yanayinsu iri ɗaya ne, tambayoyin ma a taƙaice suke. Mando ba haka take ba. Akwai Gbagyi 'yan asalin yankin, akwai Hausawa da Fulani, akwai iyalan sojojin sama da na makarantar horar da hafsoshi ta Afaka da suka fito daga kowane lungu na ƙasar nan, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. Hira 12 da 'yan kasuwar bakin tasha ba ta ce komai ba game da Bafulatanar ruga.

"Ba hali" da sauran amsoshin da ke yaudarar mai bincike

A nan ne aiki ya fi lalacewa, kuma a nan ne ya kamata ɗan gida ya fi baƙo, in dai ya buɗe kunnensa. Ka tambayi dattijo me ya hana shi zuwa asibiti, ya ce maka "ba hali". Mai gaggawa zai rubuta "rashin kuɗi" ya wuce. Amma "ba hali" jaka ce mai ɗaukar kaya da yawa. Tana iya nufin babu kuɗin tiyata. Tana iya nufin kuɗin yana nan amma na auren 'ya ne. Tana iya nufin babu wanda zai bar gona da damina ya yi jinya kwana uku a Kaduna, ko hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, ko babban ɗa da ke Legas bai ba da izini ba, ko kuma tsoro ne kawai wanda namiji ba zai furta a gaban yaro ba. Kowace daga cikin waɗannan maganinta daban. In gwamnati ta mayar da tiyata kyauta, ta warware ta farko kaɗai. Mai binciken kirki ba ya tsayawa a "ba hali". Zai ce, "Baba, ba ni labarin ranar da aka fara maganar zuwa asibitin. Wa ya kawo maganar? Sai aka yi yaya?" Labari ake nema, don a cikin labari ne dalili ke fitowa da kansa.

Haka "da sauƙi". Bahaushe ko yana kan gargara, in ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Wanda ya tambayi mara lafiya bayan tiyata ya ji "Alhamdu lillahi, da sauƙi", ya rubuta cewa ya gamsu da aikin, bai auna komai ba sai ladabi. Gara a tambaye shi ko yanzu yana zuwa masallaci shi kaɗai, ko yana gane kuɗi, ko ya koma karatun Alƙur'aninsa. "In sha Allahu zan dawo" ma wani lokaci alkawari ne, wani lokaci kuma hanyar sallamar baƙo ce cikin mutunci. Ga kunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma ɗan shekara 25 da ke yi wa sa'ar kakarsa tambaya a kan wanda ke riƙe da kuɗin gida ya san akwai iyakar da ba zai tsallaka ba sai da dabara.

Sunayen cututtukan kansu tarko ne. Yana, hakiya, amodari, dundumi da hawan jinin ido ba lallai ne su dace da rabe-raben da ke littafin likita ba, kuma abin da wani ke kira yana a Rigachikun wataƙila wani abu ne daban a bakin mutumin Buruku. A fara da tambayar mutum me yake kiran abin da ke damunsa, kafin a ɗora masa suna. Akwai ma maganar da ake yawan ji, cewa an ce yanar "ba ta nuna ba", a koma sai ta nuna. Yadda mara lafiya ya fahimci wannan jimla, da watanni nawa ya yi yana jira, shi kaɗai ya isa kundin digiri.

Murray Last, wanda aka fi sani da littafinsa kan Daular Sakkwato, ya yi shekaru yana nazarin lafiya da magani a yankin Malumfashi. A wata maƙala da ya buga a 1981 ya ja hankali kan abin da masu bincike ba sa son ji, wato "ban sani ba". Ya nuna cewa sau da yawa mutane ba su san musabbabin ciwonsu ba, kuma ba su damu su sani ba, magani kawai suke nema duk inda yake. Mai bincike ne ke matsa musu har su ƙirƙiro amsa don su faranta masa, shi kuma ya ɗauka ya gano wani tsararren ilimin gargajiya. Idan tsoho ya ce bai san abin da ya kawo masa yana ba, a rubuta hakan. Amsa ce cikakkiya.

Wani abin takaici shi ne yadda ake yi da hirar bayan an ɗauko ta. A yi ta da Hausa, sai a ba wani ya saurara yana rubuta ta kai tsaye da Turanci, a jefar da asalin. A wannan matakin ne "ba hali" ke mutuwa. Daidai shi ne a rubuta hirar kalma da kalma da harshen da aka yi ta, har da shiru da dariya da inda wani ya katse magana, a yi nazari a kan wannan, sannan a fassara abin da za a kawo misali da shi. In da Gbagyi ko Fulatanci aka yi, a faɗi wanda ya yi tafinta da dangantakarsa da mai maganar. Hirar awa ɗaya tana iya cin wuni guda wajen rubutawa. Wanda bai shirya wa wannan ba, ya nemi wata hanyar.

Amana, da isnadin magana

Mando ba wurin da baƙo zai shigo da na'urar ɗaukar murya ya fara tambayar wa ke fita, wa ke shiga ba ne. A daren 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, kuma a watan Agustan shekarar suka kai hari cikin makarantar hafsoshin soja. Tun daga lokacin kalmar infoma ta yi nauyi a yankin. Mai tambaya yana iya jefa kansa cikin zargi, yana kuma iya jefa wanda ya amsa masa. Shiga ta hannun mai unguwa wajibi ne, amma shi ma yana da farashi: mutanen da zai haɗa ka da su nasa ne, kuma za su ɗauke ka ɗan gwamnati. Dole rahoto ya faɗi ta wace ƙofa aka shiga. Haka in mai binciken ma'aikacin asibiti ne, ko da bai sa farar riga ba, babu wanda zai gaya masa cewa ma'aikata sun yi masa tsawa.

Neman yardar mutum ba cika takarda ba ne. Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda iyaye suka yi ƙara cewa ba a yi musu bayani ba. Wannan tabo yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003. Alƙaluma a lokacin suna nuna yawan gidajen da suka ƙi, ana ta kiran abin jahilci. Elisha Renne, da ta zauna da iyaye a Zariya ta kuma fitar da littafi a kai a 2010, ta ji wata tambaya mai ma'ana a bakinsu: me ya sa ake bin su gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali in ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai sun biya? Wanda ya raina mai amsa ba zai taɓa jin irin wannan ba.

Nazarin abin da aka tara shi ne matakin da ba a gani, don haka shi aka fi ha'inci a cikinsa. Ana karanta hirarrakin ne sau da yawa, ana yi wa kowane yanki alama da abin da yake magana a kai, ana tara masu kama da juna har batutuwa su fito. Manhajoji irin su NVivo suna taimakawa wajen ajiya da nemowa, amma ba sa tunani. Gwajin gaskiya shi ne abin da ka yi da mutumin da ya saɓa wa ra'ayinka. In mutum 19 sun ce kuɗi ne, na 20 kuma mai shanu ne da ya zaɓi mai tsinke da kuɗinsa a aljihu, wannan na 20 ɗin ba a share shi. Wataƙila shi ne zai gaya maka cewa mai tsinke har gida yake zuwa, da harshenka yake magana, kuma maƙwabcinsa ya ga haske a take, abin da asibiti bai yi masa alkawari ba.

Wannan tsantseni ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an san wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya yake wajen riƙe magana, kuma ko wani ya ruwaito irinta ta wata hanya. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi wa rubutattun majiyoyi irin wannan titsiye a Jami'ar Ahmadu Bello, har da abin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya rubuta kan Katsina: a wurin wa ya sauka, wa ya ba shi labari, me ya zo nema? Mai bi-bayani ma haka zai bar sawu. Kowace magana da ya kawo a san daga hira ta nawa ta fito, a wace rana, a ina aka zauna, wa ke wurin, ba tare da an tona sunan mai ita ba. A gwada abin da mara lafiya ya ce da abin da ɗan rakiya ya ce, da abin da katin asibiti ya nuna. A ba wani abokin aiki wasu hirarrakin ya yi musu alama shi kaɗai, a ga inda aka saɓa.

Mataki na ƙarshe, wanda kusan kowa ke tsallakewa saboda kuɗin aiki ya ƙare, shi ne komawa wurin mutanen a gaya musu abin da aka fahimta, su gyara. A binciken ido wannan yana da wata sarƙaƙiya ta musamman: waɗanda aka yi hira da su ba sa gani, wasunsu ma ko da suna gani ba sa karanta boko. Takardar neman yarda da taƙaitaccen sakamakon duk sai an karanta musu da baki, da harshen da aka yi hirar, a gaban shaidan da su suka zaɓa, a kuma ɗauki amsarsu a murya. Kuɗin motar wannan komawar, daga Mando zuwa ƙauyen da dawowa, tun ranar da ake rubuta kasafin binciken ake sa shi.